Mawaƙa mata na Suwidin, Norwe da Denmak: ga amsoshin, a bar ni in huta

Tun ranar da na yi suɓul da baka na ce waƙoƙin Turanci da dama da muke ɗauka na Amurka ne a Stockholm aka dafa su, ban sake samun sakat ba. Tambayoyin ba sa sauyawa, masu yin su ne kawai ke sauyawa. To ga su nan wuri ɗaya.

Wai ina ne ma wannan Iskandinebiyar?

Ƙasashe uku ne a arewacin Turai: Suwidin, Norwe da Denmak. Finlan da Aislan dangi ne na kusa, amma ba sa cikin ukun. Kuma don girman Allah, Suwidin daban, Suwizalan daban. Na gaji da wannan gyaran.

Ba su ne ABBA ba?

Waɗannan kakanni ne. 'Yan Suwidin ne su huɗu, a 1974 suka ci gasar waƙa ta ƙasashen Turai, Eurovision, a garin Brighton na Ingila, yau sama da shekara 50 ke nan. Amma ku dubi yadda aka raba aiki a cikinsu: Agnetha da Anni-Frid a gaba suna rerawa, Benny da Björn su ke rubuta waƙar su haɗa kiɗan. Mace ga makirufo, namiji ga na'ura. Wannan rabon ne 'yan matan yanzu suke ta ja da shi, kuma shi ne ya sa nake damuwa da maganar tun farko.

An ce tsananin sanyi da dogon dare ne ya sa suka iya waƙa. Haka ne?

Da sanyi na koya wa mutum waƙa, da Saiberiya ta cika duniya da mawaƙa. A daina wannan zancen.

Dalilan a fili suke. Tun wajen shekarun 1940 ƙananan hukumomin Suwidin suka fara buɗe makarantun kiɗa, inda yaro zai je bayan an tashi daga boko a koya masa fiyano ko jita ko busa a kan kuɗi kaɗan. A Norwe ma doka ce ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta samar da irin wannan makaranta. Sai Turanci: finafinan Amurka da Ingila ba a sauya musu murya a talabijin ɗinsu, fassara ake rubutawa a ƙasa, don haka yarinya tana tasowa da Turanci a kunne. Sai kuma ƙarancin kasuwa. Mutanen Suwidin miliyan 10 ne da ɗoriya, Denmak da Norwe kowacce wajen miliyan 6 ne. Wanda ke son cin abinci sosai da waƙa dole ya yi tunanin waje tun daga baitin farko. Spotify ma da kuke jin waƙar a ciki, a Stockholm Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa shi a 2006.

Me ya kawo Max Martin cikin maganar mata?

Saboda ba a tsallake shi: marubucin waƙa ne kuma mai haɗa kiɗa ɗan Suwidin. Shi da ubangidansa Denniz Pop, wanda ya rasu a 1998, su suka mayar da situdiyon Cheiron na Stockholm masana'antar waƙa. Daga hannun Max ɗin waƙar da ta fito da Britney Spears ta fito, daga baya ya yi wa Katy Perry, Taylor Swift da The Weeknd. Robyn, mawaƙiyar Suwidin, tana 'yar shekara goma sha wani abu ta yi aiki a wannan situdiyon, waƙoƙinta suka shiga kasuwar Amurka. Da ta girma ta so sauya salon kiɗanta, kamfanin da ke riƙe da ita ya ƙi, sai ta fanshi kanta daga yarjejeniyar ta kafa nata kamfanin, Konichiwa Records, a 2005. A ganina daga nan labarin ya juya. Kusan duk wata yarinyar yankin da ta tashi tana cewa ni zan yanke hukunci a kan waƙata, sawun Robyn ta taka, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba.

Da wa zan fara?

Ya danganta da kunnenka, malam. In kiɗan rawa mai daɗin amshi kake so, Zara Larsson, wadda ta ci gasar Talang ta Suwidin a 2008 tana 'yar shekara 10. In kana son murya mai ratsa jiki kamar daga cikin daji, Aurora ta Norwe. Masu yara sun riga sun san muryarta ba su sani ba, ita ce muryar nan mai kiran Elsa a fim ɗin Frozen na biyu. Sigrid, 'yar garin Ålesund na Norwe, ita BBC ta zaɓa a matsayin sabuwar muryar 2018, kuma waƙar da ta fito da ita a 2017 ta samo asali ne daga wani zaman rubuta waƙa da aka raina mata wayo. Ga MØ ta Denmak, wadda waƙarta da ƙungiyar Major Lazer ta taɓa zama wadda aka fi saurara a Spotify a 2015.

Ni dai in za a bar ni da mutum ɗaya, Susanne Sundfør ta Norwe zan ɗauka. Ba ta da saurin shiga rai, sai ka saurara sau uku.

Ta yaya zan gane ko mawaƙiya ita ta haɗa waƙarta, ko kuwa rerawa kawai ta yi?

Yauwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ta da amsa guda.

Da farko mu gyara kalma. A harkar fim ɗinmu in an ce furodusa, hankali na tafiya ga mai kuɗi da shirye-shirye. A waƙar Turawa ba haka ba ne. Furodusa shi ne mai gina sautin: ya zaɓi ganga, ya jera kayan kiɗa a kwamfuta, ya ce a nan murya za ta shigo, a nan a ɗauke komai a bar tafi kawai. Marubuci kuma shi ne mai kalmomi da karin waƙa. Aiki biyu ne, ko da mutum ɗaya ya yi su.

Sai ka buɗe waƙar a Spotify, ka danna ɗigo ukun nan da ke gefe, ka nemi inda aka jera sunayen masu aiki. Za ka ga wanda ya rera, waɗanda suka rubuta, da wanda ya haɗa. Amma a kula, sau da yawa sunan yanka ake sawa, ba na fage ba. In ka ga Marie Ulven, ita ce girl in red. Karen Marie Ørsted ita ce MØ. Jonnali Parmenius ita ce Noonie Bao, wadda ta rubuta wa manyan mawaƙan duniya waƙoƙi alhali mutane da yawa ba su san fuskarta ba. Na sha ganin mutum ya rantse wance ba ta rubuta komai, alhali sunanta na gabansa bai gane shi ba.

To ko ka ga sunanta, ba a gama ba. Yadda ake aikin a can, mutum uku ko huɗu ne ke shiga ɗaki da safe. Ɗaya na gaban kwamfuta yana juya kiɗa, ɗaya na ta gunguni a makirufo da kalmomin da ba su da ma'ana har a samo karin, wani na riƙe da waya yana rubuta baitoci. Kafin yamma waƙa ta tsaya. Galibi kowa da ke ɗakin sunansa zai shiga, kuma jerin sunayen ba zai gaya maka wa ya kawo amshin da ya riƙe waƙar ba, wa kuma ya gyara kalma biyu. Wani lokacin ma mai sunan bai shiga ɗakin ba sam. Sunan Dagny, 'yar garin Tromsø na Norwe, yana cikin marubutan wata waƙar Katy Perry ta 2019 saboda a kan tsohuwar waƙar Dagny ɗin aka gina ta.

Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta fi ci mini rai. Mace za ta tsara komai, ta ce ga yadda nake son gangar, ga inda sarewa za ta shigo, amma da yake namiji ne ke riƙe da linzamin kwamfuta, shi za a rubuta a matsayin furodusa, ko kuwa a rubuta su biyu amma 'yan jarida su ambaci shi kaɗai. Björk ta Aislan ta koka da wannan a 2015, ta ce ta yi mafi yawan aikin kiɗan wani kundinta da hannunta, amma aka riƙa jingina shi ga mazan da suka shigo daga ƙarshe. In an yi wa Björk haka, ina ga yarinyar da ta fito jiya?

Saboda haka abin da nake yi, kuma ban ce ba ya kuskure ba, shi ne in bi kundi biyu ko uku a jere. In mazan da ke gefenta suna sauyawa amma sautin na nan yadda yake, to hannunta ne. In kuma duk sabon furodusa sai ta zama wata mutum daban, wataƙila muryar ce tata, ginin na wasu ne. Na ce wataƙila, don akwai mai sauya salo da gangan. Waɗanda ba a ja a kansu su ne irin Agnes Obel ta Denmak, mai rubutawa da haɗa kundinta da kanta, da Laleh, wadda aka haifa a Iran ta tashi a Suwidin, ta haɗa nata har ta haɗa wa Demi Lovato. Sundfør ita ta haɗa mafi yawan kundinta na 2015. Ita kuwa girl in red a ɗakin kwananta na garin Horten a Norwe ta fara naɗar waƙoƙinta ita kaɗai, kundinta na farko a 2021 kuma tare da Matias Tellez suka haɗa shi a Bergen.

Kuma kada wani ya ɗauki wannan ya tafi yana zagin wadda rerawa kawai take yi. Rerawa sana'a ce. A ba ka waƙar da aka rubuta tsaf, ka tsaya gaban mutum dubu ashirin mu gani.

Duk farare ne masu farin gashi ko?

A'a. Mahaifin Seinabo Sey mawaƙi ne ɗan Gambiya, ta ma zauna a can tana ƙarama. Sabina Ddumba asalinta Yuganda. Cherrie 'yar Somaliyawa ce da ta tashi a unguwar Rinkeby ta Stockholm, kuma da harshen Suwidin take waƙa. Loreen, wadda ta ci wa Suwidin Eurovision a 2012 da 2023, mace ta farko da ta ci sau biyu, iyayenta 'yan asalin Maroko ne. Erika de Casier, wadda ta tashi a Denmak, har ƙungiyar NewJeans ta Koriya ta Kudu ta taya rubuta waƙoƙi a 2023.

Zan iya sa wa yara a mota?

Wasu e, wasu a'a. Aurora da Sigrid galibi ba abin kunya. Tove Lo gwanar rubutu ce, amma ba ta ɓoye-ɓoye, ba kuma waƙar gaban surukai ba ce. Ka karanta baitocin kafin ka kunna. Kada ka zo ka ce ni na ce.

Ke nan mata sun karɓe harkar?

Ina! A gaban makirufo sun daɗe da yawa. A bayan na'ura ne ake da sauran tafiya. Binciken da Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta fitar a 2018 a kan waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka ya nuna mata kusan kashi 2 cikin 100 ne na masu haɗa kiɗan, kuma har zuwa 2025 ba macen da ta taɓa cin kyautar Grammy ta gwarzon furodusa a ɓangaren da ba na kiɗan gargajiyar Turai ba. Abin da zan yaba wa Suwidin shi ne ba su tsaya ga surutu ba. Tun 2003 aka fara Popkollo a garin Hultsfred, sansanin hutu inda ake tara 'yan mata a miƙa musu jita da ganga su kafa ƙungiya su hau dandamali. Robyn ta haɗa kai da jami'ar fasaha ta KTH suka fara bikin Tekla a 2015 don 'yan mata su saba da na'urori. Spotify da kamfanin Max Martin suka ɓullo da shirin Equalizer a 2017, mai haɗa sababbin mata da tsofaffin hannu a situdiyo. Ƙanwata mai tambaya ko sai an je makaranta mai tsada: kwantar da hankalinki, da dama cikin waɗanda na lissafa da kwamfuta ɗaya da makirufo ɗaya suka fara.

Yaya ake kiran MØ ɗin nan? Mo?

Ba Mo ba ce. Ka tattara leɓɓanka kamar za ka ce "o", sai ka ce "e". Haruffan farko ne na Marie Ørsted, kuma a harshen Denmak kalmar na nufin budurwa. In ya gagara ka ce Mo ɗin, ba wanda zai kama ka.