Weasel, kalmar Turanci ga mai kwana-kwana

Weasel, wadda ake furtawa "wizal", kalma ce da masu jin Turanci ke jifan mutum mai noƙe-noƙe da ita, wanda ba a iya riƙe shi a kan magana ɗaya. Asalinta sunan wata 'yar dabba ce siririya mai cin nama, mai kama da tunku, da ake samu a Turai da Asiya da Arewacin Amurka. Saboda sirancinta takan bi ɓera har cikin raminsa.

A ce wa mutum weasel zagi ne, domin ana nufin ya haɗa zille-zille da rashin amana. Ta fi kalmar Turanci cagey zafi nesa ba kusa ba: ita cagey tana nuna mai ƙin sakin baki ne kawai, ko da yana da dalili mai kyau.

Idan aka mayar da ita aikatau, sai a ce weasel out of, wato zamewa daga alkawari ko bashi ko aiki. Wanda ya fito fili ya ce ba zai yi ba, ba a faɗa masa haka. Sai wanda ya yi ta kame-kame yana kafa hujjoji har ya sulale. Masu koyo sukan yar da out of, jimlar ta gurgunce.

An fi jin ta a weasel words, kalmomin da ke tsotse ma'anar magana su bar ɓawo. Tushen kwatancin tsohon zance ne na Turawa cewa dabbar tana shanye ƙwai ta bar ƙwanson kamar ba a taɓa shi ba. Furucin ya fito a wani gajeren labari na Stewart Chaplin a 1900, amma tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ne ya yayata shi a jawabinsa na birnin St. Louis na Amurka a 1916. Ya soki masu kiran a yi horon soja "na kowa da kowa" kuma "na ganin dama", ya ce kalma ta biyu ta cinye ta farko.

Tallace-tallace cike suke da irinsu. "Ragi har zuwa kashi 50" bai hana ragin ya zama kashi 5 ba, kuma maganin da "ke taimakawa wajen yaƙar" ciwo bai yi alkawarin warkarwa ba. A aikin jarida kuwa, editoci kan mayar wa marubuci da "wasu masana sun ce" har sai ya faɗi sunayen masanan.