Fayil ɗin CSV da kurakuran shigar da shi cikin manhajar rahoto

CSV fayil ne na zallar rubutu. Kowane layi bayani ɗaya ne, waƙafi kuma shi ke raba gurbi da gurbi. Takardar RFC 4180 ta shekarar 2005 ta bayyana ƙa'idarsa, amma ta tarar da mutane sun daɗe suna rubuta shi, kowa da salonsa. Fayil ɗin ba ya faɗin da wace alama aka raba shi, ko da wane tsarin haruffa aka adana shi. Manhaja irin su Excel da Power BI zato suke yi, kuma daga zaton nan yawancin matsala ke tasowa.

Idan duk bayanan suka cushe a gurbi guda, a fara duba alamar rabawa. A Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, har da Nijar, waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta (3,5), don haka Excel ɗinsu da waƙafi mai ruwa yake raba gurabe. Idan kuwa wasu layuka kaɗai suka zame, galibi akwai waƙafi a cikin rubutun kansa, kamar adireshin "Fagge, Kano". Ƙa'ida ita ce a kewaye irin wannan da alamar zance, in kuma akwai alamar zance a ciki a ninka ta biyu.

Abin da ya fi damun mai rubutun Hausa shi ne haruffa masu ƙugiya. Tsarin Windows-1252 ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Fayil ɗin da aka adana da UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗauke da su, aka buɗe da wancan tsari, ƙ ɗinsa zai fito Æ™. Wannan da sauƙi: a sake shigar da shi a zaɓi UTF-8. Amma in tun wajen adanawa aka yi amfani da Windows-1252, haruffan kan koma alamar tambaya, sai dai a koma tushe.

Kuskuren da ba ya kuka ya fi haɗari. Lambar wayar Najeriya da ta fara da 080 takan rasa sifirinta, lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuma Excel kan mai da wutsiyarta sifiri. Power BI kan duba layuka 200 na farko ya yanke hukuncin nau'in gurbi, na lamba ne ko na rubutu; in ya ɗauke shi na lamba, rubutun da ya ɓullo a layi na 900 sai ya zama kuskure. Maganinsa a ayyana gurbin a matsayin rubutu tun kafin shigarwa. Kwanan wata 03/04 Afrilu ne a Ingila, Maris ne a Amurka. Rubuta shi 2024-04-03 yana kashe gardamar.

Yawan layuka ma na da iyaka. Tsohon tsarin fayil ɗin Excel, wato XLS, layi 65,536 yake ɗauka, sabon tsarin XLSX kuwa 1,048,576. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta gano cewa mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga rahotonta ba, saboda an juye sakamakon ɗakunan gwaji daga CSV zuwa XLS, abin da ya wuce iyaka ya zube babu gargaɗi. Shi ya sa ake ƙirga layukan fayil a Notepad, a gwada da adadin da ya isa cikin rahoto.