Duba Tsohon Gida Kafin Saye da Cinikin Gyaransa a Kaduna

Duba tsohon gida shi ne binciken da mai niyyar saye yake sa masana gini su yi masa kafin ya biya kuɗi, domin a gano aibobin gidan na fili da na ɓoye, a ƙiyasta abin da gyaransu zai ci, sannan a shigar da wannan ƙiyasi cikin ciniki. Al'amarin yana da muhimmanci a Kaduna, domin tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917 birnin yake tara gine-gine iri-iri: gidajen ma'aikatan gwamnati a Unguwar Rimi da Malali da Barnawa, gidajen haya da suka bunƙasa a Kakuri bayan buɗe masaƙa ta farko a 1957, da gidajen ƙasa na Tudun Wada da Unguwar Shanu waɗanda aka lulluɓe da siminti daga baya. Kowane iri da irin ciwonsa.

Ruwa da ƙasa

Mafi yawan ɓarnar da ake samu a tsofaffin gidajen Kaduna ruwa ne yake haddasa ta. Damina tana kamawa daga wajen Afrilu ko Mayu zuwa Oktoba, kuma ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba, saboda haka gidan da aka duba da rani bai nuna rabin halinsa ba. Wanda ya sami dama ya je washegarin ruwa mai yawa, ya ga inda ruwa yake kwanciya a tsakar gida da inda kwata take kai shi. Idan kuwa ciniki ya faɗo da rani, akwai alamun da ba sa ɓuya: taswirar ruwa mai launin ƙasa a jikin silin, fentin da ya kumbura yana ɓarewa daga ƙasan bango zuwa tsayin gwiwa, da wani farin gari kamar kanwa da yake fitowa a jikin filasta. Wannan na ƙarshe yana nuna cewa danshi yana hawowa daga fandisho, kuma fenti ba ya maganinsa ko sau nawa aka shafa. Shi ya sa sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, alhali sama tsoho ne, abin tambaya ne. A unguwannin da suke kusa da kogin Kaduna, irin su Kigo Road da Kabala, inda ambaliya ta sha shiga gidaje, maƙwabta sun fi dillali sanin iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, kuma ya kamata a tambaye su.

Tsagewar bango kala biyu ce, kuma rarrabe su shi ne babban aikin mai dubawa. Akwai siririya kamar gashi wadda ba ta wuce filasta ba, wannan gyaranta ba ya wuce buhun siminti da ladan magini. Akwai kuma wadda take tasowa a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta ratsa bulo, ana ganinta ciki da waje, sau da yawa ƙofar ɗakin ma ta daina rufuwa daidai. Irin wannan alama ce ta cewa ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ginin, ko dai saboda zaizayar ruwa, ko saiwar babbar bishiya, ko sokawe da aka haƙa dab da bango. Idan faɗinta ya haura milimita 5, ba maganar magini ba ce kuma, sai injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da take kula da aikin injiniyoyi a Nijeriya. A tsofaffin unguwanni kuma ana ƙwanƙwasa bango a saurara, domin ginin ƙasa da aka yi wa filasta yana kama da na bulo a ido, amma inda filastar ta rabu da ƙasa amonsa ya bambanta, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

Rufi, wuta da famfo

Ba a sanin lafiyar rufi daga ƙasa. Dole kafinta ya shiga cikin silin da tocila, ya soka ƙusa a jikin katako, domin gara tana cinye cikinsa ta bar fatar waje kamar lafiyayye. Gidaje da dama na shekarun 1960 zuwa 1980 suna da rufi ko silin na asbestos, wanda ƙurarsa take cutar da huhu idan aka fasa shi, don haka cire shi yana bukatar kulawa, kuma kuɗin hakan yana shiga lissafi. Tsofaffin wayoyin wuta an sa su ne lokacin da gida ba ya ɗaukar fiye da fitila da fanka da rediyo, ba na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa ba. A duba mita kuma, a tabbatar babu bashin kamfanin wuta a kanta. Bututun ƙarfe na da yana tsatsa daga ciki, kuma rijiyar da take kusa da masai ba abin sha ba ce.

Takardu

Aibin takarda ya fi na gini tsada. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birane a hannun gwamna, kuma sauya mallakar fili mai takardar shaida yana bukatar amincewarsa. Ana binciken takardu a KADGIS, hukumar da take kula da takardun filaye ta jihar Kaduna, a tabbatar da sunan mai shi, da cewa gidan ba jingina yake a banki ba, kuma ba a bin sa harajin ƙasa, yayin da izinin gini yake hannun KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Tsofaffin gidaje da yawa gidajen gado ne, kuma sayen irinsu ba tare da sa hannun dukkan magada ba ya jefa mutane da dama cikin shari'ar shekaru.

Cinikin gyara

Bayan dubawa ana rubuta abin da aka gano tare da kuɗin kaya da na aiki, domin a yi magana a kan takarda maimakon zato. Hanyoyi uku aka fi bi: ko mai gida ya gyara kafin a biya, ko ya rage farashi, ko a riƙe wani kaso a hannun lauya ko amintaccen shaida har a kammala aikin. Rage farashi ya fi aminci ga mai saye, saboda wanda zai bar gida ba ya kashe masa kuɗi da zuciya ɗaya, yakan toshe tsaga da siminti ya shafa fenti. Ya kamata kuma a tuna cewa la'adar dillali tana tafiya ne da farashi da kuma faɗawar ciniki, don haka ba shi ne zai nemo mai dubawa ba.

Yadda ake gabatar da magana yana da tasiri. Mai sayen da ya tsaya yana kushe gidan da mutum ya haifi 'ya'yansa a ciki, yana lissafa fasasshen tayil da makullin da ya lalace, yakan ji "albarka" tun bai kai ga muhimmin abu ba. Wanda ya bar ƙananan abubuwa ya ce, "Alhaji, ga abin da injiniya ya gani a rufi da fandisho, a duba mana," shi ya fi samun sassauci. Idan za a ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a mayar da shi in bincike ya nuna babban aibi.

Dokar ciniki da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ta ɗora wa mai saye nauyin duba lafiyar ginin da kansa. Fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda akasarin Musulmin Kaduna suke bi, ya haramta ɓoye aibi, ya kuma kasa aibin gida kashi uku: ƙarami wanda ba ya taɓa daraja, ba a bin komai a kansa, matsakaici, wanda ake mayar wa mai saye gwargwadon abin da ya rage na daraja, da babba, kamar bangon da ake tsoron faɗuwarsa, wanda yake ba mai saye damar mayar da gidan ya karɓi kuɗinsa. Wannan haƙƙi ya shafi aibin da bai sani ba ne lokacin ciniki, abin da ya gani da idonsa ya yarda kuwa ba shi da ikon dawowa a kansa.