Wai mece ce falsafa, kuma me Imam Gazali ya ce a kanta?

"Kai malam ka cika falsafa." Haka muke cewa idan mutum ya tsaya kwana-kwana ya ƙi amsa tambaya, wato a bakinmu kalmar ta koma dogon surutu kawai. Wasu kuma da sun ji ta sai su ce wa'iyazu billahi, ai kafirci ne, ai Imam Gazali ya binne ta tuntuni. To duka biyun akwai gyara.

Asalin kalmar ba Larabci ba ce, daga yaren Girka aka aro ta, ma'anarta son hikima. A zamanin Abbasiyawa ne aka yi ta fassara littattafan su Aristotil zuwa Larabci a Bagadaza, daga nan aka samu su Alkindi da Alfarabi da Ibn Sina, su ne ake kira falasifa. Kuma a lokacin falsafa buhu ce babba, komai a ciki ake zubawa. Shi kansa Gazali kashi 6 ya kasa ta: lissafi, mandiƙi wato ƙa'idojin kafa hujja, ilmin halittu, maganar Ubangiji, siyasa, sai ɗabi'u. Ka ga ke nan wanda ya ce falsafa haramun ce ɗungurungum ya haɗa har da lissafin da yake raba gado da shi.

Shi dai Abu Hamid Algazali an haife shi a Ɗus, cikin Iran ta yau, a 1058. Ya yi karatu a Naisabur wajen Imamul Haramaini Aljuwaini, a 1091 waziri Nizamul Mulk ya ɗora shi kan makarantar Nizamiyya ta Bagadaza yana ɗan shekara 33, ɗalibai wajen 300 a gabansa. Abin da ke burge ni da mutumin nan shi ne bai yi raddi da jita-jita ba, zama ya yi ya karance littattafan mutanen nan a ɗan lokacin da yake samu bayan karantarwa, har ya rubuta Maƙasidul Falasifa inda ya baje ra'ayinsu tiryan-tiryan kamar ɗaya daga cikinsu. Ba irin namu na Facebook ba da mutum zai ga rabin bidiyo ya hau mumbari.

A Tahafutul Falasifa ne ya yi musu dirar mikiya. Tahafut na nufin rugujewa, maganar da ke cin karo da kanta. Mas'ala 20 ya ɗauko, 17 ya ce kuskure ne da bidi'a, 3 kacal ya kafirta su a kai: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah yana sanin abubuwa ne a dunƙule ba ɗaya bayan ɗaya ba, da cewa ranar ƙiyama ruhi kawai za a tasa ban da jiki. Akwai kuma misalinsa na wuta da auduga da ya yi suna. Ya ce idan ka kanga auduga a wuta ta ƙone, me idonka ya gani? Ka ga ƙonewa ta faru lokacin da suka haɗu, amma ba ka ga hujjar cewa wutar ce da ikon kanta ta ƙona ba, Allah ne ke halittar ƙonewar kuma haka Ya saba gudanar da abin, in Ya so sai Ya hana, kamar yadda aka yi wa Annabi Ibrahim.

Amma fa lissafi da mandiƙi bai taɓa su ba. Har ma ya ja kunnen masu ƙaryata lissafin kusufin rana da wata da sunan kare addini, ya ce irin wannan kariyar cutar da addinin take yi, don wanda ya san lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai fara yi wa kallon banza. A farkon littafinsa na usulul fiƙhu, Almustasfa, cewa ya yi wanda bai san mandiƙi ba ilminsa ba abin dogaro ba ne. Wallahi yau da wani zai faɗi haka da ya sha raddi.

A 1095 harshensa ya sarƙe ya kasa karantarwa, ya bar kujera da albashi ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, a wannan tsakanin ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Ya rasu a Ɗus a 1111. Bayan kusan shekara 70 Ibn Rushd, alƙali ɗan Ƙurɗuba a Andalus, ya mayar masa da martani da Tahafutut Tahafut, ya bi maganganunsa sakin layi bayan sakin layi, don haka batun wai an binne falsafa bai taso ba.

Rigimar ma ta biyo har kusa da mu. Shehu Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar a kan mandiƙi, Suyuɗi na haramtawa, Almagili na karewa.