Shekaru ko ƙoƙari: wane aji ya dace da yaro?

Duk watan Oktoba, da an koma lakkol, iyaye a Damagaram kan tsaya gaban diraktan makaranta da buƙata iri biyu. Wasu na son a tsallakar da ɗansu aji saboda kaifin kansa, wasu kuwa sun kawo yaron da ya wuce shekarun shiga CI, ajin farko na firamare.

Dole ne yaro ya zauna aji ɗaya da sa'o'insa?

Tsarin boko haka aka gina shi. Yaro ya shiga CI yana da shekara 6 ko 7, ya bi CP, CE1, CE2, CM1 da CM2, sannan shekara 4 a koleji har jarrabawar BEPC, da 3 a lise har jarrabawar BAC. Amma wanda ya leƙa aji a Zango ko a ƙauyukan Mirriya da Magariya ya san abin da ke takarda daban, abin da ke kan benci daban: ɗan shekara 8 da ɗan 12 suna kwafar darasi ɗaya.

Mu kuwa wannan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo ba a tambayar shekaru kafin a ƙara wa yaro karatu. Idan ya biya allonsa ya zauna, ya wanke, a rubuta masa na gaba. Kolo yana zama titibiri, titibiri ya zama gardi, gwargwadon abin da ya riƙe. Bambancin shi ne malamin allo yana bin kowane almajiri da karatunsa, mushe, wato malamin boko, kuwa darasi ɗaya yake yi wa aji duka.

Ɗana na ɗaya yake zuwa kullum. In nemi a tsallakar da shi?

A dakata tukuna. Zuwa na ɗaya bai isa hujja ba, domin ya danganta da waɗanda aka zo na ɗayan a cikinsu. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna karatun ƴan firamare a wasu ƙasashen Afirka, ya nuna cewa a Nijar ƙasa da yaro 1 cikin 10 ne ke kai matakin da ake so a karatu a ƙarshen firamare. A irin wannan aji, yaron da ya iya karatu daidai da shekarunsa kawai sai a ɗauke shi gwani.

Gwajin mai sauƙi ne. A ba shi littafin ajin da zai tsallake, ya karanta shafin da bai taɓa gani ba, ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, da Hausa ma ya isa. A ba shi lissafin ƙarshen shekarar wancan ajin. Idan ya yi su ba da hadda ba, kuma malaminsa ya shaida zaman banza yake yi a aji, to maganar ta cancanci a kai wa dirakta. Tsallaken da nake ƙi sam shi ne na CI ko CP, inda ake koyon haɗa baƙi cikin Faransancin da yaro bai taso da shi a gida ba. Ramin da aka bari a nan ba ya bayyana nan take, sai a CM ko a ajin farko na koleji.

Akwai kuma abin da jarrabawa ba ta aunawa. Ɗan shekara 10 da ya shiga koleji zai yi tafiya mai nisa shi kaɗai, ya zauna da samarin da suka balaga, ga malamai da yawa maimakon ɗaya. Sau da yawa, a gaskiya, tsallaken don bakin iyaye ne a wurin biki, ba don yaron ba.

Wa ke yanke hukunci?

Malamin aji da dirakta, da sanin masu duba makarantu. Iyaye na nema ne, ba su umarni.

Yarinyata ta kai shekara 11 ba ta taɓa shiga lakkol ba. Ta makara?

Ba ta makara ba, amma zaunar da ita a CI tsakanin ƴan shekara 6 shi ne hanya mafi sauri ta sa ta gudu. Kunya kaɗai ta isa. Don irinta aka yi azuzuwan gada da ake kira paserel: karatun gaggawa na wata 9 ga yara masu shekara 8 zuwa 12, ana farawa da harshen gida kafin a koma Faransanci, sannan a gwada yaro a saka shi ajin firamare da ya dace da shi, galibi CE1 ko CE2. An fara tsarin a Mali a 2004, daga baya ya iso Burkina Faso da Nijar. Ba kowace unguwa ke da shi ba, don haka a tambayi dirakta ko kwamitin kula da makaranta.

Ga ƴa mace kowace shekara na da tsada. Dokar Disamban 2017 ta ba ɗalibai mata kariya har shekara 16, amma wadda ta fara CI da 11 za ta kai 16 tana CM2, lokacin da masu neman aure suka fara sallama a ƙofar gida.

Maimaita aji fa, yana gyara yaro?

Idan malami ɗaya ne, littafi ɗaya, kuma babu mai zama da shi da yamma, shekara kawai aka ƙara masa. Maimaitawa na amfani ne idan an gano abin da ya hana shi: ciwo, rashin gani ko ji sosai, fashi lokacin girbi, ko talla. Wanda bai iya karatu ba a CE1 gara ya maimaita da taimako, da a tura shi gaba yana kallon allo kamar zanen gini.

A rage masa shekaru a takardar haihuwa, ba shi ke nan ba?

Ana yi, musamman ga wanda ba a yi wa takarda ba sai daga baya a gaban alƙali. Dabarar na taimaka wa takarda, amma jikin yaro bai san an rage ba, kuma ranar da takardu biyu suka saɓa wajen rajistar BEPC, shi zai sha wahalar gyara.