Rarraba gaɓoɓi a harɗaɗɗun kalmomin Holanci

Holanci, harshen ƙasar Holan da arewacin Beljiyam da Suriname, yana manne kalmomi biyu ko fiye su zama guda, a rubuta su ba tazara. Misali arbeidsongeschiktheidsverzekering, inshorar wanda ya kasa aiki, haruffa 33 ne: arbeid aiki, ongeschiktheid rashin iyawa, verzekering inshora, da "s" biyu masu haɗa su.

Ƙa'idar rabawa

Mai karatu yakan fara neman iyakar kalmomin da aka harɗa, sannan ya raba kowace cikin gaɓoɓinta. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin gaɓa ta gaba (lo-pen), baƙaƙe biyu kuwa akan raba su (bak-ker). Ba a raba "ch" ko "ij". Idan aka kuskure iyakar, ma'ana takan sauya gaba ɗaya. Massagebed na iya zama massage-bed, gadon tausa, ko massa-gebed, addu'ar taron jama'a, kuma furucin "g" ya bambanta a kowace. Haka valkuil, wato val-kuil, ramin tarko, wanda baƙon harshen kan karanta valk-uil, wato shaho da mujiya.

Furuci

Nauyin murya yawanci yana kan kalmar farko. A mahaɗa sautuka sukan shafi juna: "k" ta zakdoek, hankici, takan fito kusan "g". A angstschreeuw baƙaƙe takwas ne jere a rubuce.

Tarihi

Nan ne gardama ta fi yawa. Tsarin ƙa'idojin rubutu na masanan harshe De Vries da Te Winkel ya bayyana a shekarun 1860, Beljiyam ta karɓe shi a 1864, Holan sai wajen 1883. Littafin kalmomi na hukuma da ake kira Groene Boekje ya fito a 1954. Gyaran 1995, ƙarƙashin Nederlandse Taalunie, hukumar kula da harshen Holanci da aka kafa a 1980, shi ya fi taɓa harɗaɗɗun kalmomi: pannekoek, wainar da ake toyawa a kasko, ta koma pannenkoek, alhali mafi yawan mutane ba sa furta wannan "n" ɗin. Gyaran ya kuma sa karan ɗori inda wasula suka yi karo, zeeëgel ta zama zee-egel, abin da ya sauƙaƙa wa ido ganin mahaɗar, kuma gyara ne mai amfani. An sake taɓa ƙa'idar a 2005. Wasu jaridun Holan sun ƙi bi, suka riƙe nasu jerin kalmomin.