Tsuntsun daji ya yi ciwo: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Wai tsuntsayen daji ma suna kamuwa da cuta?

Suna kamuwa mana, rai ne da su.

Wacce ce ta fi haɗari?

Murar tsuntsaye, nau'in H5N1. A jikin dinya aka fara gano ta a Guangdong ta ƙasar Sin a 1996, a 2005 kuma ta kashe dubban tsuntsaye a tafkin Qinghai. Agwagin ruwa masu ƙaura ne ke yawo da ita ƙasa-ƙasa, wasunsu ko alamar ciwo babu.

Na ga kurciya ta takure, tana ɗaukar tsaba tana zubarwa. Mura ce?

Ba kowane ciwo ne mura ba, don Allah. Wannan ya fi kama da tirikomonas, wata ƙwaya da ke tara abu rawaya-rawaya a maƙogwaro har haɗiya ta gagara. Ga abinci a gabanta, amma yunwa ce za ta kashe ta. Shahon da ya cinye ta ma yana iya ɗauka.

Ƙurajen nan na gefen ido da ƙafa fa?

Ƙyandar tsuntsaye ce, galibi sauro ke yaɗa ta. Ba ta kama mutum, kwantar da hankalinka.

To in daina zuba musu hatsi da ruwa ke nan?

Nan ne amsar ba ta zama ɗaya. Idan duk masu zuwa lafiyarsu ƙalau, ban ga dalilin dainawa ba, muddin kana sauya ruwan kullum, kana wanke mazubin da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ka ɗauraye, ka bari ya bushe sarai. Tirikomonas ba ta jure bushewa. Amma da zarar ka ga ko da guda ɗaya ya kumbura gashi, yana gyangyaɗi da rana tsaka, kwashe komai na mako 2 aƙalla, wasu ma sukan kai wata. Na san za ka ce tausayi. Ai taron da kake haɗawa shi ne matsalar: mai ciwo ya tsoma baki a ruwa, ashirin su sha bayansa, kashinsa ya faɗa cikin hatsi, salmonela, wata ƙwayar cuta da ke bin kashi, ta samu hanya. Idan kana kiwon kaji kuwa, ni dai da ka haƙura gaba ɗaya, musamman in ana maganar mura a yankinku. Hatsin da ya jiƙe ya yi fumfuna zubar da shi, huhun tsuntsaye yake ci.

In jiƙa wa tsuntsu mai ciwon maganin kajina?

A'a. Ba ka san abin da ke damunsa ba, ina kai ina ba da magani?

Na tsinci matacce.

Kada ka taɓa da hannu, kada yara su mai da shi abin wasa, kada kuma kyanwa ta kai gare shi. Zura hannu cikin leda, ɗauka, juya ta, ɗaure, saka cikin wata ledar, sannan ka wanke hannu da sabulu. In kuwa da yawa ne a wuri ɗaya, musamman bakin ruwa, bar su a inda suke ka kira likitan dabbobi.